Wasannin bidiyo: shin ana iya komawa tsohon zubi bayan sabuntawa?

Ƙorafi ne da masu gyaran salula a Yamai suka saba ji. Matashi ya kwanta wasansa na tafiya lafiya lau, ya tashi ya tarar wayar ta sabunta shi cikin dare. Yanzu wasan na sarƙewa, ko waya ta ɗauki zafi, ko ma ya ƙi buɗewa sam. Buƙatar guda ce: a mayar masa da na da. Wani lokaci aikin minti goma ne, wani lokaci kuma babu gwanin da zai iya, ko a Yamai ko a Tokyo. Abin da ke raba biyun shi ne inda wasan yake zaune, ko cikin na'urar mai shi ko a hannun kamfanin da ya ƙera shi.

Me ya sa ake gudun sabo

A Turai da Amurka yawanci kewa ce ke sa mutum neman tsohon zubi, wato son wasan ƙuruciya. A Yamai lissafin aljihu ne ya fi yawa. Kowace sabuntawa, abin da wayoyi masu Faransanci ke rubutawa « mise à jour », tana zuwa da ƙarin nauyi. Kamfanonin na auna wasanninsu ne da sabbin na'urori, alhali abin da ke hannun jama'a a Bukoki ko Talladje ko Harobanda galibi Itel ne da Tecno da Infinix, wasu masu RAM giga 2 kacal da wurin ajiya giga 32, wanda hotuna da saƙonnin WhatsApp sun riga sun cinye rabinsa. A kwamfuta tazarar ta fi fitowa fili: EA Sports FC 24 na neman wurin giga 100, PES 2013 kuwa bai kai giga 10 ba.

Sai kuɗin intanet. Nijar ba ta da teku, don haka wayoyinta na intanet sai sun ratsa ƙasashe maƙwabta kafin su kai ga manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa. Wanda ke sayen forfe na yini a Airtel ko Moov Africa ko Zamani ko Niger Telecoms ya san sabuntawa ɗaya na iya lashe abin da ya yi niyyar kwana biyu yana amfani da shi. Ga kuma wuta. Lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da take bai wa NIGELEC a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, wanda shi ne kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar a lokacin, masu ɗakunan wasan bidiyo sun ɗanɗana kuɗarsu har aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Mai ɗakin da ke karɓar kuɗi a kan kowane wasa ba zai so ƴan awoyin da aka kawo wuta su ƙare na'urarsa na sauke sabuntawa yara na zaune riƙe da manet ba.

Inda wasan yake zaune

Wasanni iri biyu ne. Akwai wanda dukkansa ke cikin na'ura: an saka faifai ko an sauke fayil, ana bugawa ko da babu intanet. PES 6 na 2006, PES 2013, GTA San Andreas da kusan duk wasannin PlayStation 2 na cikin wannan rukuni. Irin wannan, in dai akwai kwafin tsohon zubi a wani wuri, ana iya komawa.

Akwai kuma wanda rabinsa kawai ke cikin waya, sauran rabin na can cikin manyan kwamfutocin kamfani, waɗanda ake kira uwar garke. Free Fire na kamfanin Garena, PUBG Mobile, Call of Duty Mobile da eFootball duk haka suke. Da zarar an buɗe wasan, waya na gaya wa uwar garke lambar zubin da take ɗauke da shi. In lambar ta tsufa, sai a rufe ƙofa a ce a sabunta. Ba mugunta ce kawai ba: mutum 50 da ke fafatawa a fili ɗaya dole su kasance da taswira ɗaya da makamai iri ɗaya, in ba haka ba wani zai riƙa harbin bangon da abokin karawarsa ba ya gani. Garena na fitar da babbar sabuntawa kusan duk bayan wata biyu zuwa uku, masu lamba da ke farawa da OB. Duk wanda ya ce zai saka wa mutum Free Fire na bara ya kuma shiga fili da shi, kuɗinsa kawai yake so.

Darasin eFootball

Masu son ƙwallo sun ga wannan bambanci da idonsu. Ranar 30 ga Satumban 2021 kamfanin Konami na Japan ya fitar da eFootball 2022 a madadin PES, wasan da aka shafe shekaru kusan ashirin ana bugawa da wannan suna. Kyauta ne, amma ya fito a gurguje: fuskokin ƴan wasa sun karkace, Messi da Ronaldo sun zama abin dariya a shafukan sada zumunta, ƙungiyoyin da ake iya zaɓa ƴan kaɗan. A dandalin Steam waɗanda suka yaba masa ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, abin da ya sa shi cikin wasannin da aka fi kushewa a tarihin dandalin. Konami ya ba da haƙuri, amma cikakken gyara bai zo ba sai Afrilun 2022.

Wanda yake da faifan PES 2021 na PlayStation 4 bai yi asarar komai ba, ya ci gaba da wasansa. Wanda bai saya ba kuwa ya makara, don a Disamban 2021 aka janye wasan daga shagunan intanet, a 2022 kuma aka kashe ɓangarensa na karawa ta intanet. Masu salula ne suka fi shan wuya. A watan Yunin 2022 PES 2021 na waya ya rikiɗe ya koma eFootball ta hanyar sabuntawa, kuma wasu wayoyin da ke ɗaukar tsohon ba su iya ɗaukar sabon ba. Tun da wasan na waya ba ya buɗewa sai da uwar garke, tsohon fayil ɗinsa ya zama gawa: ana iya saka shi, ba a iya buga shi.

Daga ɓangaren FIFA ma labarin bai bambanta sosai ba. Bayan da kamfanin EA ya raba gari da hukumar FIFA, ya janye tsoffin wasannin masu wannan suna daga shagunan intanet a Satumban 2023, ana gab da fitar da FC 24.

Wannan ne ya ƙara wa tsoffin PES daraja. Masu sha'awa a ƙasashe daban-daban na ɗaukar PES 2013 ko 2017 ko 2021 su yi masa faci: su canza sunayen ƴan wasa, riguna, da wanda ya koma wace ƙungiya a kakar bana. Injin tsoho ne, tufafin sababbi. Haka abin yake da « PES na bana » da ake tura wa juna ta Xender ana bugawa a waya da manhajar PPSSPP, wadda ke kwaikwayon na'urar PSP. Konami ya daina yi wa PSP da PlayStation 2 wasa tun daga PES 2014. Duk wani mai lambar shekara sama da haka a waɗannan na'urori aikin ƴan faci ne, ko da an zana tambarin kamfani a jikinsa.

A wayar Android

Ga wasan da ba ya buƙatar intanet, komawa baya na yiwuwa, amma Android ya gindaya sharaɗi. Ba ya yarda a ɗora tsohon zubi a kan sabo. Ko an samo tsohon fayil ɗin APK, waya za ta ce ba a saka manhajar ba, har sai an goge wadda ke ciki. A nan ne mutane ke kuka, don goge wasa na tafiya da ajiyarsa: matakin da aka kai, kofunan da aka ci, ƙungiyar da aka shafe wata shida ana ginawa. Maɓallin « Désinstaller les mises à jour » da wasu ke nema yana fitowa ne kawai ga manhajojin da waya ta zo da su daga masana'anta, irin su Chrome, ba ga wasan da mutum ya sauke da kansa ba.

Saboda haka aikin farko, kafin a taɓa komai, shi ne duba ko wasan na haɗe da asusun Google Play Jeux ko Facebook. In yana haɗe, akwai fatan ajiyar ta dawo. Fata ne dai kawai, domin ajiyar da sabon zubi ya riga ya rubuta ba lallai tsoho ya iya karanta ta ba. Sabo ya san harshen tsoho, tsoho bai san na sabo ba. Wasu wasannin kan buɗe su fara daga sifili, wasu kuma su rufe kansu nan take.

Wasu matsaloli biyu sun ƙaru a ƴan shekarun nan. Tun Agustan 2021 Google ya wajabta wa sabbin manhajoji wani tsari da ke yanka su gida-gida, kowace waya a ba ta yankin da ya dace da ita. Shi ya sa wasan da aka turo daga wayar aboki wani lokaci yake ƙin shiga, ko ya shiga ya ƙi tashi: ba cikakke aka turo ba, ko kuma an yanka shi ne don wata irin waya. Manyan wasanni kuma na da wani fayil na biyu mai suna OBB, wanda ke ɗauke da hotuna da sauti, kuma dole lambarsa ta yi daidai da ta APK. Na biyu, daga Android 14 waya na ƙin karɓar manhajar da aka ƙera don zubin da ya girmi Android 6. Ke nan sabuwar waya na iya ƙin tsohon wasa kamar yadda tsohuwar waya ke ƙin sabo.

In an yi sa'a tsohon ya zauna, saura mataki ɗaya da ake yawan mantawa: a shiga Play Store, a buɗe shafin wasan, a taɓa ɗigo ukun nan na sama a cire alamar sabuntawa da kai. Ana kuma iya kashe ta ga dukkan manhajoji a « Paramètres », ƙarƙashin « Préférences réseau ». Wanda bai yi haka ba, ranar da wayarsa ta shaƙi wifi ranar za ta mayar da shi inda ya fito. Sai dai kashe ta gaba ɗaya na da nasa illa, don manhajojin kuɗi da na saƙo suna buƙatar gyaran tsaro a kan lokaci. Ya fi a kashe ta ga wasan kaɗai.

Masu iPhone ba su da wannan zaɓi. Abin da Apple ya bari shi ne, in wayar ta tsufa har ba ta ɗaukar sabon zubi, App Store na iya ba mutum zubi na ƙarshe da ya dace da ita, ga manhajar da ya taɓa saukewa da asusunsa.

A kwamfuta

Nan ne ƙofa ta fi faɗi, kodayake ya danganta da shagon da aka sayi wasan. Minecraft na Java shi ne mafi sauƙi: manhajar da ke tayar da shi na barin mutum ya zaɓi kowane zubi, har na shekarun farko. Dubban masu wasa har yau na zaune a 1.8.9 saboda ba su yarda da yadda zubin 1.9 na 2016 ya canza salon faɗa ba. Shagon GOG na ƙasar Folan na ba da fayil ɗin sakawa wanda mutum zai ajiye a kile USB ya yi amfani da shi ba intanet, kuma manhajarsa GOG Galaxy na da wurin komawa zubin baya. Ga mazaunin Yamai wannan tsari ya fi kowanne dacewa: a sauke sau ɗaya, a adana.

Steam, wanda ya fi su girma, ya fi tsauri. Ba ya barin a kashe sabuntawa ɗungurungum. Iyakarsa a ce kada ya sabunta sai an tashi buɗe wasan. A cikin « Propriétés » na kowane wasa akwai sashen « Bêtas », inda wasu kamfanoni, irin su Paradox na Suwidin, ke ajiye tsoffin zubi a fili. In kamfani bai ajiye ba, akwai hanyoyin bayan gida da gwanaye ke bi, amma ba su da tabbas. Dabarar da ta fi aminci tsohuwa ce: a kwafi babban fayil ɗin wasan da na ajiya zuwa wani wuri tun yana lafiya, a kuma riƙa tayar da Steam a yanayin « hors ligne ». Masu kwamfutocin hannu na biyu su lura cewa Steam ya daina tallafa wa Windows 7 da 8 tun 1 ga Janairun 2024.

GTA San Andreas ya cancanci a tsaya a kansa, don babu wasan da aka fi mayarwa baya kamarsa. Ya fito a PlayStation 2 a 2004, a kwamfuta a 2005. A wannan shekarar aka gano wani ɓangare na batsa da aka bari a ɓoye cikin wasan, aka yi ta ce-ce-ku-ce a Amurka, sai kamfanin Rockstar ya fitar da zubi na biyu wanda ya toshe wa ƴan faci hanya. A 2014 wata sabuntawa ta Steam ta cire wasu waƙoƙi daga gidajen rediyon cikin wasan saboda lasisinsu ya ƙare. Mutane sun biya kuɗi sun sayi wasa mai waƙoƙi, an shigo kwamfutarsu an ɗebe. Don haka har yau mai son saka motoci ko taswirori na faci sai ya fara mayar da wasan zubin 1.0. A 2021 Rockstar ya janye tsoffin GTA uku daga kasuwa don ya sayar da waɗanda aka yi wa kwaskwarima. Suka fito ranar 11 ga Nuwamba cike da kurakurai, cikin kwanaki kamfanin ya nemi gafara ya kuma yi alƙawarin dawo da tsoffin a shagonsa na kwamfuta.

A PlayStation

Mai faifan PS4 na da hanya ɗaya mai tsabta: ya goge wasan, ya cire na'urar daga intanet, ya sake sakawa daga faifai. Zai samu zubin da aka buga a faifan. Tsaka-tsaki babu, ko na farko ko na ƙarshe. Wanda ya sayi wasan ta PlayStation Store kuwa na ƙarshe kawai za a ba shi. Manhajar na'urar kanta Sony bai ba da hanyar mayar da ita baya ba, shi ya sa a kasuwar hannu na biyu ake tambayar lambar manhajar PS4 kafin a yi ciniki. Na'urar da aka « buɗe » kuma, in ta shiga intanet, tana iya jawo wa mai ita a rufe asusunsa.

Abin da ke shigowa tare da tsohon fayil

Play Store ba ya ba da tsohon zubi, don haka mai nema sai ya faɗa wasu shafuka, ko ya karɓa daga wajen masu tura fina-finai da waƙoƙi. A nan hatsarin yake. Kowace manhaja na ɗauke da sa hannun kamfaninta, wani hatimi na lissafi. Tsohon fayil na gaskiya hatiminsa na nan daram. Wanda aka rubuta masa « kuɗi ba iyaka » ko « lu'ulu'u kyauta » an farke shi an sake ɗinkewa, kuma mai ɗinkin na iya cusa abin da ya ga dama: manhajar da ke yi wa mutum rajistar wasu hidimomi tana cin kredinsa a ɓoye, ko mai karanta saƙonnin SMS.

A ƙasar da waya ɗaya ce ake wasa da ita, ake karɓar kuɗi ta Airtel Money ko MyNita ko Amana, ake kuma riƙe lambobin abokan ciniki, wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle in wayar ta uba ce ko ta uwa da yaro ya ara. Alamar da ba ta ƙarya ita ce izinin da wasan ke nema. Wasan ƙwallo ba shi da hulɗa da saƙonni, ko jerin lambobin waya, ko sashen « Accessibilité ». In ya nema, a goge shi. Kuma in mai sakawa ya ce sai an kashe Play Protect kafin ya shiga, ya riga ya faɗi irin kayan da ya kawo. A wasannin intanet akwai ƙarin hukunci: Garena da takwarorinsa na rufe asusun da aka kama da fayil ɗin da aka taɓa, tare da duk abin da aka saya a ciki.

Ta fuskar doka, komawa tsohon zubin wasan da mutum ya saya, ta hanyar da kamfani ya bari, ba laifi ba ne. Kwafar wasan sayarwa a raba shi ko a sayar wani abu ne daban. Nijar mamba ce a ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha, kuma manhajar kwamfuta na cikin abubuwan da yarjejeniyar Bangui ta ba kariya.

Kamfanoni sun gano akwai kuɗi a tsoho

Abin da ƴan faci suka daɗe suna yi a ɓoye, manyan kamfanoni sun mayar da shi haja. A 2013 kamfanin Jagex na Ingila ya tono wani kwafin RuneScape na Agustan 2007 ya sake buɗe shi da sunan Old School RuneScape, kuma ya zo ya fi sabon jama'a. Blizzard ya sa an rufe wata uwar garke ta masu sha'awa mai suna Nostalrius a 2016, sannan a 2019 ya fitar da World of Warcraft Classic da kansa. Da Fortnite ya dawo da taswirarsa ta farko a Nuwamban 2023, mutum sama da miliyan 44 suka shiga a yini guda. Sai dai a duka ukun kamfani ne ya zaɓi wane tsoho za a koma, da ranar da za a koma.

Kamfani na iya zaɓar akasin haka. Ubisoft na Faransa ya kashe uwar garken wasan tseren mota The Crew a ƙarshen Maris 2024, wasan ya mutu har ga masu faifai a hannu, don ba ya tashi sai da intanet. Wannan ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yulin 2025. A jihar Kalifoniya ta Amurka an sa hannu kan wata doka a Satumban 2024 da ta hana shagunan intanet cewa « saya » ba tare da sun bayyana cewa izinin amfani kawai suke bayarwa ba. Wata guda bayan haka Steam ya fara rubuta wannan gargaɗi a shafin biyan kuɗi, kuma mai saye daga Yamai ma yana ganinsa kafin ya danna.